Yadda ake gano uwar kuɗin sabuwar mota a wurin dila a Amurka

Ranar da na sayi sabuwar motata ta farko a Amurka, yaron da ke sayarwa ya shige ofishin manajansu ya daɗe, sannan ya fito da wata takarda ya ajiye a gabana yana waige-waige kamar wanda ya sato sirrin gida. Ya ce ga abin da suka biya kamfani nan, dala 300 kacal suka ɗora. Na bi lissafin da yatsa, komai daidai. Har tausayinsa na ji. Ni da na taso ina jin 'yan Kantin Kwari suna cewa "Alhaji, wallahi a kan uwar kuɗi na ba ka", bai kamata a ce na faɗa wannan rami ba, amma takarda mai tambarin kamfani kwarjini gare ta. Sai bayan wata biyu wani abokina da ya taɓa aiki a irin wannan wuri ya zaunar da ni ya warware mini zare da abawa. Takardar gaskiya ce, ba a taɓa ko lamba ɗaya ba. Abin da ba ta nuna ba shi ne kuɗin da kamfani zai mayar wa dila ta ƙofar baya bayan na tafi da motar.

A yawancin jihohin Amurka doka ba ta bar Toyota ko Ford ko Honda su sayar maka da sabuwar mota kai tsaye ba, dole sai ta hannun dila mai lasisi. Dilan nan sari yake yi, motocin da ka gani a filinsa nasa ne, shi ya sa akwai ciniki. Tesla ce ta yi fice wajen sayarwa da kanta da farashi guda, idan ita kake nema wannan bayani bai shafe ka ba.

Mataki na farko: tsayar da mota guda

Ba a neman uwar kuɗin "Camry" haka kawai. Akwai LE, akwai SE, akwai XLE, akwai XSE, kowace da farashinta, sannan ga ƙarin kaya irin su rufin gilashi da manyan sifiku. Ka shiga shafin kamfanin ka haɗa wadda kake so, sannan ka leƙa shafukan dilolin da ke kusa da kai ka nemo ainihin motar da ke ƙasa. Kowace mota tana da lambar shaida ta haruffa da alƙaluma 17 da ake kira VIN. Ka kwafe ta. Daga nan duk maganar da za ka yi da dila a kan wannan lambar za ka yi ta, don kada a taya maka wata a miƙo maka wata.

Mataki na biyu: karanta takardar gilashi

Kowace sabuwar mota tana da babbar takarda manne a gilashin gefe. Doka ce ta 1958 ta wajabta ta, kuma ana kiranta da sunan Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma wanda ya kawo ƙudurin. Kamfani ne ke buga ta, dila ba shi da ikon canza ta ko cire ta kafin mai saye ya karɓi mota. A ciki za ka ga farashin da kamfani ya ba da shawarar a sayar, wato MSRP, da kuɗin kowane ƙarin kaya, da kuɗin dakon motar daga masana'anta zuwa filin dila, da yawan man da take sha.

Kuɗin dako ba a cinikinsa. Yadda yake a takardar gilashi haka yake a takardar sarin dila, kuma a yanzu da wuya ka ga wanda bai haura dala 1,000 ba. Abin lura kawai shi ne kada a caje ka sau biyu, sau ɗaya cikin jimillar takardar gilashi, sau ɗaya kuma da wani suna a takardar biya.

Sai ka duba ko akwai wata 'yar ƙaramar takarda a gefen babbar. Wannan ta dila ce, shi ya buga abarsa, kuma yakan yi ta da launi da tsari irin na ta kamfani don ido ya ɗauka duk ɗaya ne. A nan ake rubuta iskar naitirojin a taya, da zanen lambar VIN a gilashi, da man kare fenti, da wani ƙari da suke cewa na daidaita farashin kasuwa ne. Duk abin da ke kan wannan ƙaramar takarda ana cinikinsa, akasarinsa ma ana iya soke shi gaba ɗaya.

Mataki na uku: nemo takardar sari

Ita ce suke kira inbois, takardar da kamfani ke aiko wa dila da kuɗin motar. Shafuka irin su Edmunds da Kelley Blue Book suna ba da ƙiyasin wannan farashi idan ka shigar da samfurin mota da lambar yankinka. Kana kuma iya cewa dila ya nuna maka, da yawa ba sa ƙi, don sun san abin da ta ɓoye ya fi abin da ta nuna. Ka tabbata VIN ɗin da ke kanta shi ne na motarka.

Za ka tarar da ɗan bambanci tsakanin ƙiyasin intanet da takardar dila. Kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Sau da yawa kuɗin talla na yanki ne, wanda kamfani ke caje dilolin yanki ɗaya don tallan talabijin da rediyo. Idan a jikin takardar kamfani yake, dila ya biya shi da gaske. Idan kuwa da biro aka ƙara shi, ko a takardar dila kawai ya bayyana, ka tambaya. Masu sayen Toyota a kudu su ƙara lura da abu ɗaya: a Florida, Jojiya, Alabama da Karolaina ta Arewa da ta Kudu, wani kamfani mai zaman kansa, Southeast Toyota, shi ke rarraba motocin ga diloli, a Texas, Oklahoma, Akansas, Luwiziyana da Misisipi kuma Gulf States Toyota. Waɗannan sukan ƙara nasu kayan tun kafin mota ta iso fili, kuma kuɗin dakonsu kan bambanta da na sauran jihohi.

A ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin farashin gilashi da na sari ba ta da yawa, wani lokaci 'yan ɗaruruwa ne zuwa dubu ɗaya da wani abu. A manyan motocin ɗaukar kaya da na alfarma ta fi faɗi.

Mataki na huɗu: cire abin da ke komawa aljihun dila

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne ni aka yi mini sakiyar da ba ruwa.

Abu na farko shi ne kuɗin ajiye, wanda su ke kira holbak. Kamfani yakan cusa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na farashin mota a cikin takardar sari, dila ya biya, bayan an sayar da motar kuma a mayar masa da shi, galibi duk bayan wata uku. Ka ɗauka babban ɗan kasuwa ne ya ba yaronsa shadda ya rubuta masa rasit na dubu ɗari, amma su biyu sun san in an sayar zai dawo masa da dubu uku. Yaron zai iya ɗaga rasit ya rantse a kan dubu ɗari ya saro, kuma bai yi ƙarya ba. Kowane kamfani da nasa tsari, wasu daga MSRP suke lissafawa, wasu daga farashin sari, wasu kamfanonin motocin alfarma ma ba sa yi ta wannan siga. A wasu takardun sari za ka gan shi a can ƙasa cikin ƙananan lambobi ba tare da an faɗi sunansa ba.

Na biyu, tukuicin da kamfani ke ba dila a asirce don ya kori motar da ta yi kwantai. Ba a tallata shi, yana canzawa wata-wata, kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Alamarsa ita ce ka ga diloli da dama suna tallan mota ɗaya a ƙasa da farashin sari. Ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, ladan cika adadi. Kamfani kan ce wa dila in ka sayar da motoci kaza a wannan wata, za a ba ka kaza a kan kowace mota, har waɗanda ka sayar tun farkon wata. Dilan da saura masa mota biyu ya cika a ranar 30 ga wata zai iya sayar maka da asara ta gaskiya a kan motarka, don abin da zai samu a kan sauran ya ninka asarar. Wannan ba ka da hanyar ganinsa daga waje. Abin da za ka iya kawai shi ne ka sa cinikinka ya faɗo a kwanakin ƙarshen wata, musamman ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. Mota da kayanta dala 31,000, dako 1,200, jimillar takardar gilashi 32,200. A takardar sari motar 29,300, talla 400, dako 1,200, jimilla 30,900. Kuɗin ajiye kashi 2 na 31,000 ya kama 620. A ce akwai tukuicin kamfani na 750. Ka cire su biyun daga 30,900, saura 29,530. Wannan ita ce ta fi kusa da uwar kuɗi. Ka ga wanda ya biya farashin gilashi ya bar wa dila 2,670. Wanda aka ce an ba shi "a kan sari" ya bar masa 1,370, yana ta godiya. Wanda ya taya 30,300 ya bar masa 770, kuma ba wanda ya zalunci wani.

A nan zan ɗan tsaya wa dila, don adalci. Motocin da ke filinsa yawanci da bashin banki ya saro su, kuma kowace rana mota ta kwana ana lissafa masa kuɗin ruwa. Ga hayar fili, ga albashi, ga inshora. Kuɗin ajiye don wannan aka yi shi. Saboda haka kada ka shiga kana buga tebur kana cewa a ba ka holbak, za a yi maka murmushi ne a daina ɗaukarka da muhimmanci. Yaron da ke gabanka ma sau da yawa kamashonsa daga abin da ya haura farashin sari ake cire shi, bai ga ko sisi na kuɗin ajiye. Amfanin sanin lambar shi ne idan manaja ya dafe ƙirji ya ce za su faɗi, kai ka san ko da gaske yake, ba za ka ƙara dala 500 don tausayi ba.

Mataki na biyar: auna kasuwa

Uwar kuɗi ba ita ke yanke farashi ba, yawan kaya da yawan masu nema ne. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta na mota ya tsayar da masana'antu, filayen diloli sun zama wayam, mutane suna biyan sama da farashin gilashi suna murna sun samu. A irin wannan yanayi ko ka haddace takardar sari ba abin da za ta yi maka. Har yanzu akwai samfuran da ake layi a kansu.

To, ka ƙirga. Motoci nawa irin taka ke filin dilolin yankinku? Idan uku ne a gari gaba ɗaya, ka sassauta buri. Idan arba'in ne a fili ɗaya, wuƙa da nama suna hannunka. In ka je gwajin tuƙi, ka buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke jikin ginshiƙi, akwai wata da shekarar da aka ƙera motar. Wadda ta yi wata shida ko bakwai da fitowa ta soma yi wa dila nauyi. Haka kuma idan samfurin sabuwar shekara ya fara sauka, galibi daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka, na shekarar da ke ƙarewa sai ya zama kwantai ko da sabo ne fil.

Mataki na shida: yi ciniki daga gida, a kan lamba ɗaya

Ka je ka gwada mota, ka sha ruwansu, ka yi godiya, ka tafi. Kada ka zauna ciniki a ranar. Wanda ya ji ƙanshin sabuwar kujera hankalinsa ba ya tare da shi.

Daga gida ka aika imel ga sashen sayarwa ta intanet na diloli huɗu ko biyar, har da na garin da ke da nisan awa ɗaya ko biyu. Saƙon gajere ne: ga mota, ga VIN, a shirye nake in saya cikin makon nan, ina son a rubuto mini jimillar abin da zan biya in fita da ita, da kowane caji a layinsa. Wannan jimilla ita suke taƙaitawa da OTD, kuma ita kaɗai ce lambar da ake gwada dila da dila a kanta. Wani zai rubuto "zo mu yi magana". Ka maimaita buƙatarka sau ɗaya, in ya sake kewaye-kewaye ka bar shi.

Dalilin nacewa a kan jimilla shi ne kuɗin takardu. Caji ne da dila ke ɗorawa wai don cike fom, kuma kusan dukkansa riba ce. Jihar New York ta ƙayyade shi a dala 175, Kalifoniya ta daɗe da tsayar da shi a 85, Florida kuwa ba ta sa iyaka ba, shi ya sa a can za ka ga ya kusa dubu. Dila zai ce ba ya iya cire shi don kowa yana biya. To, ya bar shi a takarda, ya rage daidai shi daga farashin mota. A misalinmu, 30,300 da harajin kashi 6 wato 1,818, da kuɗin takardu 500, da rajista da lamba 300, jimilla 32,918. Dilan da ya ce 29,900 amma ya ɗora kuɗin takardu 999 da kayan ƙari na 800 ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba, duk da cewa tallansa ya fi daɗin ji.

Idan amsoshi sun zo, ka ɗauki mafi sauƙi ka nuna wa sauran ka ce wa zai yi ƙasa da wannan. Zagaye biyu ya isa. Kuma ka kula da ragin da kamfani ke ba mai saye, irin wanda ake tallatawa a shafinsa, har da na ɗaliban da suka gama jami'a kwanan nan ko na sojoji. Wannan naka ne, daga kamfani yake, ba daga aljihun dila ba. A gama ciniki tukuna sannan a cire shi. Wanda ba ya son duk wannan ja-in-ja yana iya bi ta shirin sayen mota na babban kantin Costco ko shafin intanet na TrueCar, inda ake ba da farashin da aka riga aka daidaita. Ba lalle ya zama mafi arha ba, amma ma'auni ne mai kyau.

Mataki na bakwai: raba cinikin uku

Sayen sabuwa ciniki ɗaya ne, sayar musu da tsohuwarka ciniki na biyu, bashi na uku. Dila yana son ya cakuɗa su wuri ɗaya. Akwai wata takarda da suke raba ta gida huɗu: farashi, kuɗin tsohuwar mota, kafin alƙalami, da biyan wata-wata. Ana rage wannan gida ana ƙara wancan har kanka ya ɗaure. Tambayar da za a fara yi maka ita ce nawa kake iya biya a wata. Kada ka amsa. Duk lambar da ka faɗa za a iya kai ka gare ta ta hanyar miƙa bashin zuwa wata 72 ko 84.

Tsohuwar motarka, ka fara kai ta CarMax ko ka shigar da bayananta a shafin Carvana, kamfanoni ne masu saye da sayar da tsofaffin motoci, su taya. Da wannan tayi a hannu, dila ba zai karya ta ba. Sai dai ka sani a jihohi da yawa idan ka ba dila tsohuwa, a kan ragowar kuɗin kawai ake cire haraji, don haka ko tayinsa ya ɗan gaza na waje yana iya fi maka.

Bashi kuwa nan ne dila ke mayar da duk abin da ya sassauta maka a gaba. Banki kan amince da kai a kan kashi 6, ofishin kuɗi na dila ya ce maka kashi 8, bambancin su raba. A bashin dala 28,000 na wata 60, wannan kashi 2 ɗin kusan dala 26 ne a wata, abin da ba ya tayar da hankali, amma a ƙarshe ya kusa 1,600. Maganinsa ka samo amincewar bankinka ko ta ƙungiyar ajiya da ba da rance ta haɗin gwiwa kafin ka je, ka ce dila ya yi ƙasa da ita in zai iya.

Da yawa daga cikinmu ba ma son bashi mai ruwa ko kaɗan. Wasu suna tara kuɗi su biya lakadan, wasu suna jiran tayin kamfani na bashi marar ruwa, wanda sau da yawa zaɓi ne tsakaninsa da ragin kuɗi, kuma sai mai kyakkyawan tarihin biyan bashi ake ba. Hukuncin wannan na malamai ne. Ta fuskar ciniki dai, mai biya lakadan kada ya shiga yana shela. A gida mai kuɗi a hannu shi ne sarki, a nan kuwa dila ya fi son mai cin bashi, don ta nan yake samu. In an tambaye ka yadda za ka biya, ka ce a gama maganar farashi tukuna.

Ɗaki na ƙarshe

Bayan an sallama za a kai ka wani ɗan ofis mai firinta, wurin wani mai fara'a da ya fi kowa iya magana a gidan. Zai kawo ƙarin garanti, da inshorar taya, da kwangilar sabis, da inshorar cike giɓi idan mota ta yi haɗari bashi bai ƙare ba. Ba duka ne banza ba, amma duka an ɗora musu riba mai kauri, kuma ba wanda doka ta ce sai ka saya. Ƙarin garanti kana iya sayensa daga baya kafin na kamfani ya ƙare. Inshorar cike giɓi ka fara tambayar kamfanin inshorarka, galibi ta fi sauƙi a can.

Ka buɗe imel ɗin da aka rubuto maka jimilla, ka ajiye wayar kusa da kwangilar, ka bi layi-layi. Idan lamba ta canza ko da dala 50 ce, a nuna maka inda ta fito. Mutane da yawa suna zaton akwai kwana uku na fasa ciniki. Dokar tarayya da ta ba da wannan dama ba ta shafi motar da aka saya a filin dila ba, da zarar ka sa hannu ka fita da ita ta zama taka.

Mai niyyar ya sayi sabuwa ya ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ya karanta kwangilar da idon basira. Kamfanoni suna hukunta dilan da motarsa sabuwa ta tsallaka waje, saboda haka diloli da dama, musamman na motocin alfarma, suna sa mai saye ya sa hannu cewa ba zai fitar da ita daga ƙasar ba na wani lokaci, galibi shekara guda, da tara mai nauyi in ya saɓa. Ka nemi wannan shafi tun kafin ka ajiye kafin alƙalami, ka kuma tambayi ko garantin zai yi aiki a ƙasar da za ka kai ta.